Waken Gonar Gabas

Garinmu ba ya cikin garuruwan da matafiyi ke tsayawa ya tambayi sunansu. In ka taso daga Magariya ka wuce Dantchiao, ka bar hanyar mota ka faɗa rairayi ta gabas, za ka yi ta ratsa ƙauyuka masu kama da juna har idonka ya gaji. Ɗaya daga cikinsu ne namu. Ƙasar tudu ce da kwari. A tudu ake noma hatsi da wake da gyaɗa, a kwari ake rake da rogo, ga wanda kakansa ya yi wayon kama kwari. Namu kakan bai yi wannan wayon ba. Gawo ya fi kowane icce yawa, sai giginya da goriba can inda ruwa ke kusa. Daji kuwa babu shi. Tun da na yi wayo ban taɓa taka wurin da za a ce ba na kowa ba ne. Gona ta ƙare, gona ta soma, in matan garin gaba suna daka muna jin taɓarensu daga tsakar gidanmu.

Mahaifina shi ne mai tarihin gidanmu, an tambaye shi ko ba a tambaya ba. In ya zauna gindin gawo ya miƙe ƙafa, sai ya faro daga zamanin da ake kai gaisuwa Damagaram, ya gangaro zamanin Nasara da suka ja iyaka ta kudu suka raba shi da dangin uwarsa, ya zo kan zamanin gyaɗa, lokacin da a faɗarsa raƙuma da jakuna ke jerin gwano zuwa wurin awo. Duk inda labarin ya bi, Magariya yake komawa. Can aka kai lanhon ubansa, wato haraji, can ya fara ganin mota, can aka cire masa haƙori. Da aka zo aka yi komin-komin, wato ƙananan hukumomi, aka ce mu na Dantchiao ne, sai ya ce to, ai Dantchiao ɗin ma ta Magariya ce. Da aka sake cewa an yanke Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, da nata perefe mai shugabantarta, sai ya kwashe da dariya.

"Su yi ta yanka," in ji shi. "Ai ba da wuƙa suke yi ba. Ƙasa ba ta ji."

Mu ma muka taya shi dariya. Ba wanda ya zo ya kafa dutse, ba wanda ya ja igiya, ba mu ga abin da ya sauya ba.

Gonakinmu biyu ne. Akwai ta bayan gari, wadda rabon gado ya yi ta gutsura har ta koma abin da za ka tsaya a wannan gefe ka yi hira da na wancan gefe ba tare da ɗaga murya ba. Akwai kuma gonar gabas, wadda kakana ya sare lokacin da ƙasar gari ta yi wa mutane kaɗan. Ita tafiya ce. Sai ka fita da sassafe, ka gangara kwari mai giginya, ka tsallake tsohon burtali inda shanu ke bi zuwa tafki, sannan ka hau wani dogon tudu. Kafin ka kai, rana ta fara cizo. Mahaifina ya yi wannan hanyar tun bai fi tsayin hauya ba, kuma ya fi son gonar nan da ransa.

Shekarar da nake magana, na dawo gida ne da 'ya'ya biyu bayan na fita takaba. 'Yan'uwana maza biyu sun tafi Libiya, ɗaya yakan aiko da gaisuwa, ɗaya ko gaisuwar babu. Saura tsoho da tsohuwa da ni da yara. Shuka ta farko ta ƙone a ƙasa. Ta biyu ta tashi kyakkyawa, ta fid da kai, har mahaifina ya fara gyara rumbu, sai tsutsar nan da muke kira murzuna ta shiga zangarniya ta yi ta zagaye ta tana ci. Ka ɗauki kai mai tsawo ka murza, sai gari ya zubo maka a hannu. Damman da muka ɗaure a gonar bayan gari ba su rufe gindin rumbu ba. Na leƙa ciki na ga ƙasan rumbun yana kallona, na sauko.

Abin da ya rage mana shi ne wake. Innata tana da irin da ta adana cikin toka a wani tsohon tulu, kuma da shuka ta farko ta mutu, mahaifina ya kwashe shi ya kai gonar gabas ya shuka a makare. Mutane suka ce ya zubar da iri. Sai ga shi ruwan ƙarshe ya yi masa daidai, raɓa ta karɓa daga nan. Waken ya yaɗu ya rufe rairayi har ba ka ganin inda za ka sa ƙafa.

Lissafin ba wuya gare shi, ko yarana sun san shi. In waken nan ya shigo gida, za mu sayar da rabi mu sayi hatsi, mu sayar da harawa, mu lallaɓa har wata damina. In bai shigo ba, ni ce zan bi hanyar arewa. A yankinmu an san wannan hanya: mace ta ɗaure ƙunshinta, ta hau mota zuwa Agadas, daga nan ta san inda dare ya yi mata, ko wanke-wanke a gidajen mutane ko abin da ya fi wannan ƙasƙanci. Na ga waɗanda suka dawo, na kuma zauna makokin waɗanda ba su dawo ba. Ina tsoron hanyar nan ƙwarai. Na riga na binne miji, ba na son 'ya'yana su tashi suna tambayar kakarsu kamannina.

A ƙasarmu akwai abin da ake kira sakin gonaki. Duk damina makiyaya suna tsare da shanunsu, a burtali, a gefen tafki, a ɗan abin da ya rage na makiyaya, suna jira. In an gama girbi sai hukuma ta sa rana, a yi shela a kasuwanni, a faɗa a rediyo. Kafin ranar, saniyar da ta taka gona mai ita zai biya ɓarna. Daga ranar, kowace gona makiyaya ce. Shanu su ci kara, su bar taki, kowa ya amfana. Wanda ya bar amfaninsa a fili bayan ranar, shi ya so. Haka muka taso muka tarar, kuma duk tsawon ran mahaifina rana ɗaya ake sawa, daga Magariya take fitowa.

Bayan tudun gonar gabas akwai rugar wani dattijon Bafulatani, abokin mahaifina tun suna samari. Shi ma manomi ne, yana da gonar hatsi kusa da tamu, kuma murzuna ba ta raga masa ba. Kowace rani shanunsa ke kwana a gonarmu su yi mata taki. Baffa nake ce masa. Mutum ne mara yawan magana, wanda in mahaifina ya soma tarihi sai ya jingina da sandarsa ya yi ta gyaɗa kai, ban sani ba ko yana saurare ko barci yake a tsaye.

Mahaifina ya je kasuwa ya ji shela da kunnensa: ba za a saki gonaki ba sai sabon wata ya kama. Ya dawo yana ta fara'a. Waken a lokacin rabinsa ɗanye ne, yana bukatar 'yan kwanaki ya bushe, ga shi an ba mu kwanakin har da ƙari. Washegari muka je gonar ni da shi, muka tsinko ɗan abin da ya bushe, na cika zanena da ɗanye don in dafa wa yara. Muna cikin haka Baffa ya gangaro. Bayan sun gaisa, ya dubi waken ya daɗe, sannan ya ce wa mahaifina:

"Aboki, ka hanzarta. Arɗo ya ce mana Talatar nan za a saki."

"Wace Talata?" in ji mahaifina. "Arɗonku ya ji ba daidai ba. Ni da kunnena na ji shela, sai wata ya kama."

"To, haka dai ya ce."

"Kai ka je kasuwa ko ni na je?"

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Kai ka je." Suka koma hirar tsutsa. Ni ma da nake tsugune ina jinsu, abin da na ɗauka shi ne ɗayansu ya yi kuskure, kuma na fi yarda da mai shela a kan saƙon da ya bi baki uku. Ba wanda ya zo masa a rai, cikinmu ukun nan, cewa rana za ta iya zama biyu.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. A hanya na ce, "Baba, mu kafa bukka mu tare a gonar mana har mu kwashe."

"Mu bar uwarki da wa? Ba kya ganin zazzaɓi ya kayar da ita?" Gaskiya ne, Inna tana kwance. "Kuma karan bayan gari wa zai tara? Ke dai kin faye gaggawa, tun kina goye haka kike. Doka ce ke gadin gonar nan, ta fi ni da ke ido."

Na yi ta gunaguni har gida, shi kuma ya yi ta tsokanata wai da ni namiji ce da tuni an kai ni gaban jandarma. Muka yi kwanakin nan muna tara kara, ina jinyar Inna, yara suna cin dafaffen ɗanyen wake suna tambaya ko akwai saura. Na ce musu akwai, gona guda.

Ranar Laraba muka ɗauki buhuna muka aro jaki, muka fita da sanyin safiya. A kwari mahaifina har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Da muka iso burtali sai na ga rairayin ya tumurmushe da sawun kofato, ga kashin shanu ɗanye, kuma sawun bai bi hanyar tafki ba. Tudu ya hau. Na dubi mahaifina, ya dube ni. Na yar da buhunan na kwasa da gudu.

Ban san yadda na hau tudun ba. Abin da na sani, da na kai sama na ga gonarmu fara fat da shanu, wasu jajaye masu dogon ƙaho da ban taɓa gani ba, wasu kuma na sani sarai, na Baffa ne. Suna ci hankali kwance. Ba su bar ganye ba, ba su bar kwanso ba, igiyar waken ma suna finciko ta daga ƙasa suna taunawa. Na ɗauki kara na faɗa cikinsu ina ihu ina duka. Na zagi shanun, na zagi masu su, na zagi iyayen masu su, na faɗi kalmomin da ban san na iya ba. Saniya ta matsa taku biyu ta ci gaba da ci. Karan ya karye a hannuna, na ci gaba da dukansu da tafin hannu har ya kumbura. Wasu makiyaya baƙi da ke tsaye a gefe suna kallona, ba su kori shanun ba.

Mahaifina ya iso yana haki. Bai yi ihu ba. Ya tsaya a bakin gona ya cire hularsa ya riƙe, ya sake sawa, ya sake cirewa. Sai ga Baffa ya taho daga wajen ruga, ƙafarsa duk ƙura. Ashe tun jiya aka saki. Ya ce ya tsare nasa shanun yini guda, ya ga garken baƙi sun gangaro daga arewa sun shiga, ya roƙe su suka ce ranarsu ce. Da gari ya waye ya kama hanyar garinmu ta ƙasan kwari don ya gaya mana, muka saɓa a hanya. Kafin ya juyo, nasa da suka yi wata da watanni suna lasar ƙasa sun tsinke sun bi sauran.

"Baffa, kai ma?" Abin da na iya ce masa ke nan. "Kai ma?"

Ya tsuguna nesa kaɗan da mahaifina, su biyun suna kallon wuri ɗaya.

Ban yarda ba. Na ja mahaifina zuwa wurin mai garinmu, na ce a bi mana hakkinmu, an yi mana ɓarna kafin rana. Mai gari ya aika aka kira mai garin ƙauyen da ke bayan tudun gonar gabas, aka kira Arɗo, aka zauna a zaure bayan azahar. Ni ina daga bakin ƙofa, inda mata ke tsayawa. Mahaifina ya faɗi abin da ya ji a kasuwa, aka ce gaskiya ne. Arɗo ya faɗi abin da aka gaya musu, aka ce shi ma gaskiya ne. Gabas sun riga mu gama girbi, saboda haka gundumar Dungas ta sa ranarta da wuri, ta Magariya ta jinkirta.

"To ni ina ruwana da ranar Dungas?" in ji mahaifina. "Ni mutumin Magariya ne."

"Kai ɗin na Magariya ne, Malam," in ji mai garin bayan tudu, a hankali. "Gonar ce ba ta Magariya ba."

"Yaushe gonata ta tashi ta koma Dungas?"

"Ba ta tashi ba. Daga burtali zuwa gabas ƙasar garinmu ce tun asali. Mahaifinka wurin mahaifina ya kawo goro aka ba shi ya sare. Ka fi ni sanin wannan. Da can duk perefe ɗaya gare mu, shi ya sa ba wanda ya damu. Da aka raba, garinmu ya faɗa can, ƙasarsa ta bi shi."

Mahaifina bai musa ba. Ya san labarin goron, har launin rigar da ubansa ya sa ranar ya sani. Ni kuwa na manta da inda nake tsaye, na sa kai cikin zauren.

"Ranka ya daɗe, to wa za mu kama?"

Wani ya ce a fitar da ni, mai garinmu ya ɗaga masa hannu.

"Ba kowa, 'yata."

"Ba kowa kamar yaya? Gona guda ta tafi! 'Ya'yana me za su ci? A nuna mini mutum ɗaya, ko mai shela ne, ko mai shanu, ko wanda ya raba ƙasar!"

"Mai shela ya faɗi gaskiya. Mai shanu ya jira ranarsa. Sai haƙuri."

Wallahi da an ce mini wane ne ya cuce mu, da na sami sauƙi. Da na tsine masa safe da yamma, da na sami abin riƙewa. Amma na fito daga zauren nan da fushi cike da ƙirjina, ba inda zan sauke shi. Na bi hanyar gida ina kuka da ƙarfi, kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da mijina.

Da Inna ta ji, sai ta tashi daga kwanciyar da take, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki rariya. Na ce ina za ki, ta ce gona. Muka yi kwanaki muna zuwa ni da ita, muna durƙushe muna tankaɗe rairayi, muna tsintar ƙwayar da kofato ya fasa kwansonta ya binne. In rariya ta tsaya da ƙwaya uku sai Inna ta ce alhamdulillahi, ni kuma in ji kamar in haɗiye zuciya. Duk abin da muka tara bai cika ƙwarya ba. Ta ware rabi ta mayar cikin toka, ta ce wannan ba na ci ba ne ko da za a mutu.

Mahaifina ya daina zama gindin gawo. In an yi masa magana sai ya ce to. Sau ɗaya, ina dama kunun dusa, ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya ce, "Kin ce mu tare." Na ce, "Baba, bari." Ban so ya ƙarasa ba. Fushin da na rasa inda zan kai, ban yarda in kai shi kan tsohon nan ba.

Hatsin rumbu ya ƙare kafin sanyi ya wuce. Na nemi matan da za su tafi, muka sa rana. Ban gaya wa yara ba. Na ce wa babbar zan je Magariya in dawo, ta dube ni irin duban da ya nuna ba ta yarda ba.

Da safen da zan tafi, na fito da ƙunshina na ɓoye shi bayan danga. Ina juyowa sai na ga matar Baffa tsaye a ƙofar gida, ta sauke ƙwarya daga kanta ta ajiye a ƙasa. Tun ranar gonar ba wanda ya taka gidan wani tsakaninmu. Ba ta shigo ba, ba ta ɗaga ido ba. Ta buɗe faifan, madara ce cike har baki, da kumfarta.

"Ya ce a kawo wa yara," in ji ta. "Shanun sun kawo ruwa bana. Ya ce kullum za a kawo, har su ƙafe."

Sun kawo ruwa! Na ɗaga ƙafa zan yi fatali da ƙwaryar, na rantse da na yi, sai na ji hannun Inna ya damƙe mini zane ta baya. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta yi wa matar godiya yadda ake yi, ta tambaye ta mutanen ruga. Sannan ta shiga tsakar gida ta kira yaran, waɗanda tun jiya da rana ba abin da ya shiga cikinsu, ta ajiye musu a gaba. Suka tsaya suna kallona, don sun ji abin da na sha faɗa a kan shanun nan.

"Ku sha," in ji Inna. "Wakenku ne."

Ƙaramin ya fara kafa kai, babbar ta bi shi. Na tsaya har na ga fuskokinsu sun nutse cikin ƙwaryar, ba mai ganin ƙofa. Sannan na zagaya bayan danga na ɗauki ƙunshina.